Hoton Alhamis

Tun da aka halatta gyara wasiƙa bayan an aika ta, ba a ƙara kama kowa da maganarsa ta jiya ba. Sai Tabawa, ma'aikaciyar gidan waya, ta yi kuskuren ɗaukar hoton wasiƙun da ke rumbun inji kaf ranar Alhamis, har injin ya cushe.

"Goge shi kawai, 'yata," in ji Malam Barau, shugabanta. "Kada ki buɗe."

Ta buɗe. Ga wasiƙar da ya aika hedikwata, wadda ya nuna mata cike da yabonta. Amma ran Alhamis layi ɗaya ce: "Kada a ƙara wa Tabawa girma."

Ya leƙo. "Kin goge?"

"Na goge na injin, Baba."