Gwiwar Ramatu

Ku matso kusa ku ji. Ina yarinya a unguwar Nima, wata la'asar muka yi ampe da 'yan matan unguwar Maamobi a tsakar gidanmu. Wasan nan ne da ake tsalle ana tafi, kowacce ta jefo ƙafa ɗaya, wadda ta canki ƙafar 'yar'uwarta ta ci. An fitar da 'yan layinmu kaf, saura ni kaɗai, ga Ramatu doguwa a gabana tana zare ido tana murguɗa baki. In na faɗi, sai mun gaji da jin waƙar tsiya a hanyar makaranta.

Idona na yawo tsakanin fuskarta da masu ihu. Sai Kaka ta bar tuyar ƙosai ta taso, ta kama haɓata da hannunta mai ƙanshin albasa da mai.

Ta ce, "Ke, me kika ajiye a fuskarta? Da fuska ake jefa ƙafa? Dubi gwiwarta, ki tsaya a nan."

Na sauke ido. Wallahi sai ihun ya yi nisa kamar daga can unguwar Tudu ake yin sa. Ashe gwiwar da za ta jefo takan ɗan motsa kafin tsalle. Haka na yi ta cin Ramatu har ta fita.

Kaka ko kallo ba ta yi ba, ƙosanta na neman ƙonewa. Allah ya jiƙan tsohuwar nan, har yau ina cin moriyar maganarta. Ku fa, in jama'a ta taru a kanku, ina kuke kafa ido?