Ruwan Baƙo

Tsohuwar gidan ta miƙo wa baƙon ƙwaryar ruwa.

Ya san ruwan. Tun 1982 yake shiga tafkunan Yendi da Bawku har gwiwa, yana cika kwalabe, yana ƙirga ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu. Wannan dam na bayan Salaga, inda aka ɗebo ruwan, ya fi kowanne yawansu. Ya rubuta haka a mujallun Turai, malaman jami'a suna ambatonsa, har furfura ta fito masa, amma bai taɓa jin rubutun ya hana ƙafa ɗaya kumbura ba.

Ga maigida da 'ya'yansa sun zuba masa ido. A nan baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. In ya ƙi, ba mai sake barinsa kusa da dam ɗin. In ya sha, shekara guda zai yi yana duba idon sawunsa kowace safiya.

Ya karkata ƙwaryar wajen haske.

"Me kake nema a ciki, ɗana?" in ji tsohuwar. "Sau biyu na tace." Ta nuna ƙyallen da ke ɗaure a bakin randa. "Ku mutanen Kumasi ba ku san ruwa ba. Akwai ƙwarin da ido ba ya gani."

"Wa ya gaya miki, Mma?"

"Wani mahaukaci mai kwalabe, shekarun baya. Ya nuna mana su a madubinsa mai ƙara wa abu girma. Sha kawai, ba za ka gane ba."

Ya shanye tas.