Mai Shuɗin Alli

Ƙawata, ajiye wayar nan ki matso. Labarin wata malamar bayoloji zan ba ki, yarinya sabuwar ɗauka, wadda aka ce sai ƙarshen zango za a san ko a riƙe ta ko a sallame ta.

Ita ba ta ba ɗalibai rubutu su kwafa. Da aka zo darasin halittu da muhallinsu, sai ta cika allon ɗakin gwaji da da'irori: rana a sama, ciyawa a ƙasa, fara, kwaɗo, maciji, shaho. Ta ce kowa ya taso ya ja kibiya, ya nuna wa ke ciyar da wa. Taswirar alaƙa take kiran abin. Yaran suka zuba mata ido kamar ta sauya harshe. Wani daga baya ya tambaya ko zane ma yana fitowa a jarrabawa, aji ya tuntsire da dariya.

Shugaban sashensu kuwa dattijo ne da ɗalibai suka laƙaba wa Ku-Kwafa, don tun ba a haifi malamar ba da wannan kalma yake buɗe aji. Duk sanda ya leƙo sai ya ce, "'Yata, wannan saƙar gizo-gizo yaushe za ta zama karatu?" Kuma shi ne zai ba da shaida a kanta ranar zaman yanke hukunci. Abinci ya daina yi mata daɗi. Ko a kan sallaya ta zauna, kibiyoyi ne ke yawo a kanta, sai ta yi istigfari ta sake ɗaga hannu.

Wata safiya ta karɓo makulli a ofishin sashe, ta buɗe ɗakin gwaji, ta tarar an taɓa taswirar. Can sama, inda ita sai ta yi ɗage take kaiwa, wani ya ja kibiya da shuɗin alli daga shaho zuwa maciji. A juye take, kamar maciji ne ke cin shaho. Kuskure ne, amma shi ne karo na farko da wani ya gwada ba a tilasta shi ba. Ta ɗauki jan alli ta rubuta a gefe cewa kibiya abinci take bi, daga wanda aka ci zuwa wanda ya ci, a sake gwadawa.

Washegari an gyara. Bayan kwana biyu sai ga tambaya da manyan baƙaƙe: IDAN KWAƊI SUKA ƘARE FA? Ta amsa masa da cewa ya bi kibiyoyin ya gani da kansa. Ya bi. Ya nuna fara ta yi yawa, ciyawa ta ƙare, maciji ya kwana da yunwa. Daga baya har da'irar da ba ta zana ba ya ƙara: shaho ya mutu, ya ruɓe, ƙasa ta sha, ciyawa ta tsiro.

Nan hankalinta ya ƙara tashi. Wannan yaron shi ne hujjarta, in dai za ta same shi. Ta tambayi aji, kowa ya rantse ba shi ba ne. Ta bi dogayen cikinsu tana duba yatsu, har 'yan mata suka fara cewa Malama ta koma duba. Ta gwada taga, ga ƙarfe. Maigadi ya ce shi bai taɓa ganin ɗalibi ya riga malamai shiga ba. Su kuma yaran, kishin wannan ɓoyayyen gwani ya kama su, suka fara rige-rigen allo, ana gardama a kan ko tsutsa ta cancanci da'ira.

Ranar zama ta zo, babu yaro. Ta shiga ofishin shugabar makaranta, ta riga ta kwashe littattafanta a jaka. Shugabar ta juya ga Ku-Kwafa. Ya daɗe yana goge yatsunsa da hankici. Ya ce ajinta ya cika hayaniya, alli kuma tana cinye shi kamar da shi take karyawa. Malamar ta sunkuyar da kai.

"Amma a bar ta," ya ce. "Abin yana shiga."

Shugabar ta tambaye shi a ina ya gani.

"Akwai wani mai taurin kai da na sani. Tun da ya shiga kansa, zai shiga na kowa."

Aka riƙe ta. Ta fito tana hamdala, ta yi ta yi wa yaron addu'a, kuma har yau duk dogon ɗalibin da ya gifta sai ta kalli hannunsa.

Ke dai don Allah ki bar shi a cikinki, ko maigidanki kada ya ji: Ku-Kwafa ɗin nan baban yarana ne, kuma zango guda na yi ina dirzar shuɗin alli daga aljihun rigarsa.