Tsohuwar Asibitin Bayan Kasuwa

Layin masu tambaya ya kusa kai bakin ƙofa lokacin da Nas ta shigo zauren, da rigar aiki a jikinta. Ta bi layi kamar kowa. Wayar ɗan majalisar da take nema tana aljihun mataimakinsa tun hantsi, mai gadin ƙofar baya kuma ya riga ya gaya mata ƙa'ida: duk mai magana da Honarabul, ga makirufo can.

'Yan majalisa uku ne a kan dandamali. Wai sun zo jin ra'ayin jama'a kan sabuwar dokar lafiya, wadda ta zare hannun gwamnati daga asibitocin unguwa ta miƙa su ga kamfani. Jin ra'ayi bayan an sa hannu, ai ihu ne bayan hari. Na tsakiya, mafi ƙuruciya a cikinsu, shi ya kawo ƙudurin, kuma shi kaɗai take kallo.

Wani bakanike ya tambayi inda maganin hawan jini ya shige. Wata malamar makaranta ta tambayi dalilin sallamar ungozomarsu. Na tsakiya yana amsawa da murmushi, yana murza kunnensa na hagu. Nas ta san abin da murza kunnen nan ke nufi.

A asibitin bayan kasuwa, inda take aiki, ta baro wata tsohuwa lulluɓe da zane. Maƙwabta sun ce za su jira zuwa yamma kafin a binne ta, ba za su wuce haka ba. Dole ne Honarabul ya ji kafin lokacin.

Mai gabatarwa ya sanar cewa tambaya ɗaya ta rage. Dattijon da ke gabanta ya waiwayo, ya ga idanunta, ya matsa gefe. Na gabansa ma suka matsa.

Tana kama makirufo murmushin na tsakiya ya dushe. Ba yau ta fara kawo masa labarin majinyata ba. Ya mayar da idonsa kan takardun gabansa.

"Baiwar Allah, a taƙaice don Allah."

Baiwar Allah. Ta haɗiye wannan ma.

"Da safen nan aka kawo mana wata tsohuwa, numfashi yana gagararta," in ji ta. "Tukunyar oksijin ba komai a ciki, kamfani ya ce sai wata mai zuwa. Motar asibiti an mayar da ita babban reshe. Muna tsaye bakin titi muna tare tasi tsohuwar ta cika a hannuna. Hotonka ne manne a bangon ɗakinta. Ka gaya mini, alhakinta a wuyan wa yake?"

Ya gyara zama, ya sauke murya yadda ya saba in magana ta zo kan mutuwa.

"Allah ya jiƙanta. Amma mu gaya wa juna gaskiya, gwamnati ba uwar kowa ba ce. Iyali ma da nasu nauyin. Tsohuwa irin wannan, ina 'ya'yanta suke?"

Wasu a sahun gaba suka tafa. A nan zuciyarta ta karye. Ba haka ta so ba. So ta yi ta ja shi gefe, ta zaunar da shi, ta gaya masa a hankali yadda ake gaya wa mutum irin wannan labari. Duk ƙofar da ta bi an rufe, sai wannan.

Ta share fuska da bayan hannu, ta matso da makirufo.

"Biyu ta haifa, babbar ce a gabanka. Sauko mu tafi, Auta, kai ake jira a kai Mama makwancinta."