A Ajiye Mini Ragon

Tunda kin ce masu tambayar kayanki a waya sun kai dubu, zauna ki ji misalin wata mai kiwo.

Kowace shekara matar nan takan turke rago ɗaya, ta yi ta ba shi dusa da harawa har Babbar Sallah. Kuma kowace shekara wani tela na bayan layinsu ne yake saya, kuɗi hannu, ba ja-in-ja. A shekarar da nake ba ki labari ɗakinta na yoyo, da kuɗin ragon take son sauya kwanon rufi kafin damina ta kankama. Sai ta ɗauki hoton ragon ta sa a intanet. Kafin la'asar waya ta ɗau zafi. Wannan ya ce nawa, wancan ya ce masha Allah a ajiye mini, wani ma ya yi alkawarin ninka abin da tela yake bayarwa. Duk cikinsu ba wanda ya ba da kafin alƙalami. Saura mako guda tela ya yi sallama da kuɗinsa a aljihu, ta ce, "Malam, bana sai haƙuri, mutum ɗari uku ne a gabanka." Ya ce, "Ɗari uku, Hajiya, a rago ɗaya? To, Allah ya ba da kasuwa." Ya juya.

Ranar jajiberi ta wanke ragon tas, ta share ƙofar gida, ta zauna jira. Shiru. Ta kira mai ninkawa, waya a kashe. Na biyu ya ce sha'awa kawai ragon ya ba shi. Na uku ya yi dariya, ya ce shi ma nasa yake son sayarwa, farashi yake dubawa. Ta zari mayafi ta nufi gidan tela, tun daga soro ta hango wani rago a ɗaure. Ta ce innalillahi, ta juyo gida. Washegari aka sauko daga idi, ƙamshin suya ya cika unguwa, nata ragon yana turke yana kukan dusa, ba mai ko taya shi. Da yamma hadari ya haɗo, tana jera kwanuka a tsakar ɗaki don tarar yoyo, sai ga matar tela ta yi sallama da kwanon naman layya.

Arziki na Allah ne, 'yata, amma ki riƙe mai saye hannu bibbiyu. Magabata ba su yi ƙarya ba: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.