Mudi Yana Zuwa Guntu-guntu

Tun da aka kawo tabarmar haske, mazan Gashuwa da ke aiki a gonakin lantarki na Agadas suka koma cin tuwo tare da iyalansu. Da an shimfiɗa ta sai mutum ya bayyana a kai, ana hira da shi kamar yana gida.

Kubura kuɗin layi mai ƙarfi take biya, amma mijinta Mudi bai taɓa zuwa lafiya lau ba. Zai ɗauko magana, sai ya ƙame da baki a buɗe, sai can ya ƙarasa.

Da abin ya ishe ta, ta ja hannun 'yarta Ramla suka tafi ofishin kamfanin tabarmar.

"Hajiya, ai yana zuwa ko?" in ji ma'aikacin, idonsa na kan allo.

"Yana zuwa, amma guntu-guntu. Jiya sai da muka wanke kwanuka sannan ya ce bisimilla."

"Unguwarku ce ta cika, kowa bayan magariba yake kiran nasa. Ki riƙa kiransa da hantsi."

"Da hantsi yana bakin aiki, malam."

Ya ɗaga kafaɗa, ya leƙo ya dubi yarinyar. "'Yan mata, yaya sunanki?"

Ramla ta ce, "Sunana..." sai ta ƙame, baki a buɗe, ko ƙiftawa ba ta yi. Can ta ƙarasa, "Ramla."

Ma'aikacin ya tuntsire da dariya. "Kai, yarinyar nan ta iya kwaikwayo!"

Kubura ta gyara mayafinta.

"Ba kwaikwayo ba ne," ta ce. "A bakin babanta ta koyi magana."