Sunansa a Ƙasan Zanena

Ni na kawo Rilwanu zauren masu zane na Unguwar Dosa, na ce ga wanda zan aura, a ba shi bango ya rataye aikinsa. Ranar baje koli ina shiga, sai ga zanena na tashar Kawo, wanda na yi wata uku a kansa, da sunan Rilwanu a ƙasa.

Ya kasa haɗa ido da ni, yana ta gyara hula.

"Haba Lubna, baƙi sun fi sayen aikin namiji. Ai mun kusa zama ɗaya."

"Ɗaya? Da furfurata za ka mai da ni 'yar aikinka?"

Na sauke zanen a gaban kowa, na rungume abina.

"Gobe ka turo a kwashe akwatunan lefe. Su kam naka ne."